Na je Kapadokiya, ban hau balan-balan ba, kuma ban yi nadama ba

Ɗan Kaiseri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun ranar da na saka hoton nan na duwatsun Kapadokiya saƙonni suke ta shigo min ta bayan fage, kuma kowa tambayarsa ɗaya: "Ka hau balan-balan ɗin?" Wato ƙaton balan-balan ɗin nan da ake hura wa wuta ya ɗaga mutane sama a cikin kwando. Bari in amsa a nan sau ɗaya kowa ya huta. Ban hau ba. Kwana uku na yi ina bin wurin da ƙafata, kuma ko yau aka damƙa min kuɗin balan-balan, takalmi mai kyau zan saya in koma.

Ga wanda bai san wurin ba, Kapadokiya yanki ne a tsakiyar Turkiyya, mafi yawan abin kallon yana lardin Nebshehir. Daga Kaiseri inda nake karatu zuwa ƙauyen Goreme bai wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota ba. Shekarata biyu a garin nan ban taɓa leƙawa ba, kamar Bakanon da ya girma a gindin Dala bai taɓa hawa ba.

Yadda zan kwatanta muku: ku ɗauka rumbuna ne dogaye aka jera ɗaruruwa a cikin kwari, kowanne da jinkarsa, sai dai duk na dutse. Jikin fari-fari ko ruwan ƙasa, hular da ke kai baƙa-baƙa. Wasu sun fi hasumiyar masallacin unguwarmu tsayi. Wasu an fafe cikinsu an yi ɗaki da taga da matakala.

Ranar farko na bi Kwarin Tattabaru, daga Goreme har Ucisar, kimanin kilomita 4. Duk jikin duwatsun ƙananan ramuka ne a jere, wasu an shafa wa bakinsu farar ƙasa da ado. Gidajen tattabaru ne. Ba don nama suke kiwonsu ba, don kashin ne, shi ne takin gonakin inabinsu. Rana ta biyu na shiga Jan Kwari daga ƙauyen Cabushin. Rana ta uku Fashaba da Zelbe.

Abin da nake son faɗa shi ne, a cikin kwari ne za ka taɓa dutsen nan da hannunka ka ji yana marmashewa kamar busasshen tuwo, ka duba yatsanka ka ga gari. A nan jikina ya yi sanyi. Abin da mutane suke tahowa daga bangon duniya su gani, da farce ma kana iya kankare shi. Wanda ya wuce ta sama a cikin kwando bai san wannan ba, hoto kawai ya samu.

Baffa Na-Kwari: Wa alaikumus salam. Yaro, yanzu ka bar karatun da aka tura ka, ka tafi kallon suri? Zo in kai ka gonata a hanyar Bichi, suri iya ganinka, kyauta. Kuma in zancen kwari ne, ni kullum a Kwari nake yini.

Ɗan Kaiseri: Baffa, Allah ya ja zamaninka. Hutu aka ba mu. Kuma surin gonarka babu wanda aka yi masallaci a cikinsa.

Hajiya Mai Leshi: Ɗana, kada ka kushe abin da ba ka ɗanɗana ba. Ni na hau. Bara da na je sarin kaya Laleli, unguwar 'yan kasuwa a Santambul, 'yata ta matsa min muka kwana a motar dare daga Santambul, awa goma sha wani abu, muka sauka gari ya waye. Ranar farko an zo an ɗauke mu tun kafin asuba, muna zaune a mota muna kaɗa haƙori, sai aka ce hukumar jiragen sama ba ta ba da izini ba, iska ta yi yawa. Kowa ya koma makwancinsa. Washegari aka tashi. A filin na shimfiɗa mayafina na yi sallar asuba ana ta hura wutar nan tana ruri kamar zaki. Da muka ɗaga, rana tana fitowa, ga balan-balan ta ko'ina ban iya ƙirgawa ba, ga duwatsun a ƙasa kamar an kifa ƙoƙuna, wallahi ban san lokacin da na fara tasbihi da ƙarfi ba har wata Bajafaniya ta juyo tana kallona.

Kai kana da gwiwa. Ni tawa ko benen shagona sai na huta sau biyu. In ka ce sai mai tattaki ne ya ga wurin, ka kore mu ke nan.

Ɗan Kaiseri: Tuba nake Hajiya, ban kore ki ba. Da samarin zauren nan nake, masu ƙafa lafiya lau, da za su zo su tsaya a bakin kwari da rawani irin na Larabawa su ɗau hoto su juya.

'Yar Ankara: Yaya, tunda kana ta yabon ƙafa, ka ba su labarin wandonka mana. Ko in bayar?

Ɗan Kaiseri: Ke dai ba a ɓoye miki sirri. To shi ke nan. Rana ta biyu na saka takalmin da nake zuwa aji da shi, mai santsin tafi. Hanyoyin Jan Kwari garin dutsen nan ne a shimfiɗe a kan gangara, kamar ka zuba gero a kan siminti. Ban ankara ba sai ji na na yi a zaune, na gangara kamar yara a kan tulin yashi, wando ya yage daga baya. Na tashi na ɗaura rigar sanyi a ƙugu. Can kuma hanya ta rabu uku, alamar jan fentin da nake bi ta ɓace, taswirar waya tana nuna min ina kan hanya alhali ramin da ke tsakanina da ita ya fi gaban tsalle. Caji saura kaɗan, la'asar ta yi sakaliya.

Wani kare ne, tun safe yake bina ina korarsa, ya wuce gaba yana waiwaye. Na ce bari in bi shi tunda ba ni da wani malamin. Ya fito da ni wata 'yar gonar inabi inda wani dattijo yake haɗa wuta. Ya dubi wandona, bai ce komai ba, ya zuba min shayi ya miƙo min 'ya'yan kabewa soyayyu. Da ya ji daga Nijeriya nake kuma ina jin Turkanci sai ya hau ba ni labari. Ya nuna min wani dogon dutse mara hula ya ce yana yaro da hularsa, wani hunturu aka wayi gari ta faɗo. Shi ya raka ni har bakin hanya.

Baffa Na-Kwari: Ka ga ni. Kare ya zama jagora, wando ya tafi. Wannan shi ne ribar tattakin.

Ummu Safwan: Ni tambaya gare ni, kuma da gaske nake. Na ji an ce sunan duwatsun nan da yarensu yana nufin gidan aljanu. Sannan wa ya ɗora musu hulunan? Don ni hankalina bai ɗauki a ce iska ce ta ɗauki dutse mai nauyin mota ta aza a kan tsini ba.

Malamin Ƙasa: Malama Ummu Safwan, hankalinki ya yi daidai, iska ba ta aza komai ba. Ba ɗora hular aka yi ba, tun asali a wurin take. Abin da ke kewaye da ita ne ya tafi.

Kin taɓa duba tsakar gida bayan ruwan sama mai ƙarfi, inda aka zube jar ƙasa? Za ki ga ƙananan tsakuwoyi kowacce a kan ɗan ginshiƙin ƙasa kamar tsawon yatsa. Ruwa ya doke ƙasar da ke fili ya wanke, wadda ke ƙarƙashin tsakuwa ta samu lema ta tsira. To wannan ne a Kapadokiya, sai dai babba, kuma a tsawon zamani.

Asalinsa duwatsu masu aman wuta ne suka yi ta fesa toka mai zafi a yankin, karo bayan karo, tsakanin kimanin shekara miliyan 10 zuwa miliyan 2 da suka wuce. Tokar ta taru ta danƙare ta zama dutse mai laushi, mu a aji muna ce masa tuf. Amma ba kowane karo ne tokar ta zo iri ɗaya ba. Wata shimfiɗar ta sauko da zafi sosai har ta narke ta manne da juna ta yi tauri. Sai aka samu mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa. Da abin ya huce sai ya tsattsage. Ruwan sama da na dusar ƙanƙara ya riƙa shiga tsagar, da dare ya daskare ya buɗa ta, da rana ya narke ya wanke garin. Tsaga ta zama kwata, kwata ta zama kwazazzabo, har aka yanka shimfiɗar gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ta mai tauri ta zama hula, abin da ta rufe ya zama ginshiƙi.

Masu yi wa baƙi jagora suna son nuna dutsen Erjiyes, wanda ɗalibinmu yake gani ta tagarsa a Kaiseri, mai tsayin mita 3,917, su ce shi ya yi aikin. Yana da kyau a hoto, amma yawancin tokar ta girme shi, daga tsofaffin bakunan wuta ta fito waɗanda yanzu sun lotsa sun binne.

Ɗan Kaiseri: Anti Ummu Safwan, sunan shi ne "feri bajalari", wato bututun hayaƙin aljanu. Mutanen da ne suka ga abin ya fi ƙarfin saninsu suka laƙaba. Mu ma ai kowace tsamiya da kuka mun ba ta mai gida. Na kwana biyu a ɗakin da aka fafe a cikin dutse, abin da ya dame ni kawai garin da ke zubo min a kan jaka.

Ummu Safwan: Na gamsu da na hula, Allah ya ƙara ilimi Malam. Saura ɗaya. Mutanen da suka sassaƙa gidaje a jikin duwatsu, ba irin Samudawa ba ne? Na san akwai hani game da shiga wurarensu. Ustaz yana kusa?

Ustaz Abu Ammar: Ina nan Malama, ina ta karantawa. Hanin da kike nufi ya tabbata, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir a hanyar Tabuka, ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai mutum yana mai kuka. Amma Hijir wuri ne sananne a ƙasar Saudiyya, kusa da Al'ula. Dalilin hanin azabar da ta sauka ce, ba sassaƙa dutse ba. Babu wani nassi da ya ce an halaka mutanen wancan yanki na Turkiyya, kuma Musulmi sun zauna a cikin kogunan nan ƙarni da ƙarni suna salla. Ba ma ƙirƙirar haramci da kamanni.

Hasali ma da na ga hoton Jan Kwarin da yaron nan ya saka, da zane-zanen fari da ja a jikin dutse, aya ta 27 ta Suratu Faɗir ce ta faɗo min, inda Allah ya ambaci duwatsu masu layuka farare da jajaye masu launi daban-daban. Na sha karanta ta, ban taɓa ganin hotonta haka ba.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne shiga majami'un da ke da hotuna a bango. Wasu sun karhanta, wasu sun sauƙaƙa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a waje, kwarin ma ya ishe shi.

'Yar Ankara: Majami'un suna da yawa kam, musamman a gidan tarihin fili na Goreme. Kiristoci masu zuhudu ne suka fafe su zamanin Rumawan Gabas. Akwai wadda ake kira Majami'a Mai Duhu, zanenta ya kusa shekara dubu amma kamar jiya aka yi, saboda haske ba ya shiga sosai, kuma an daɗe ana kiwon tattabaru a ciki, kashinsu ya rufe bangon ya kare shi. Ita tikitinta daban ne. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1985.

Baffa Na-Kwari: Malamin Ƙasa, ina girmama ka, amma miliyan goman nan fa? Wa yake wurin da kalanda?

Malamin Ƙasa: Babu kowa, Alhaji. Amma kai ma in aka kawo maka sa kana buɗe bakinsa ka faɗi shekarunsa, ba ka halarci haihuwarsa ba. A cikin tokar akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adini masu ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗa zuwa iskar argon a hankali, da saurin da aka auna aka sani. Daga ranar da tokar ta huce iskar take fara taruwa a cikin ƙwayar. In ka auna nawa ta taru, ka san tun yaushe. Ana iya kuskuren dubbai, ba a kuskuren miliyoyi.

Baffa Na-Kwari: Haƙorin sa dai ina ganinsa da idona. Amma na bar ka, fagenka ne.

Kawu Marwa: Salamu alaikum jama'a. Tun ɗazu ina jin ku ina haɗiye magana. Ku 'yan Nijeriya kun iya tsallake abin da ke bayan katangarku ku tafi neman biza. Wa ya taɓa zuwa Rumsiki, nan arewacin Kamaru, a cikinku? Daga Mokolo kilomita 55 ne, daga kan iyakarku kuwa bai fi kilomita 3 ba, mutanen Michika suna hango duwatsun. Tsinin Kapsiki yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar kwari kamar yatsa, mita 1,224 daga matakin teku, ga 'yan'uwansa warwatse har iya ganinka. Lokacin ina saurayi ina kai Turawa a mota, da yamma sukan zauna a bakin kwarin su yi shiru har rana ta faɗi, wata ma na ga tana hawaye. Akwai tsohon da ke yi musu duba da ƙaguwa, wannan dai neman kuɗinsa yake, amma duwatsun ba ƙarya ba ne.

Malamin Ƙasa: Kawu ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma Rumsiki ba irin Kapadokiya ba ne, kishiyarsa ne ma. A Turkiyya ginshiƙin ne mai laushi, hula take kare shi. A Rumsiki ginshiƙin kansa shi ne mai taurin. Narkakken dutse ne ya daskare a cikin maƙogwaron dutse mai aman wuta, sai zaizaya ta cinye gangar jikin dutsen ta bar abin da ya toshe maƙogwaron a tsaye. Dutsen Wase na jihar Filato ma haka yake. Shi ya sa na Rumsiki za su daɗe bayan na Goreme sun zama gari.

Ɗan Kaiseri: Kawu, wallahi ina son zuwa. Amma ka faɗa min tsakani da Allah, in na ce wa mahaifiyata zan bi ta Mubi in shiga duwatsun Mandara yawon buɗe ido, me za ta ce?

Kawu Marwa: Za ta ɓoye maka fasfo, kuma ba zan ga laifinta ba. Ɗana, tun da aka sace iyalin Faransawan nan a 2013 a wajen Waza, baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu masauki, masu jakuna da dawakin haya, mata masu tukwane, masu saƙa, duk abin ya shafe su. Yanzu wasu suna zuwa jefi-jefi, amma sai ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon, ba labarin bara ba. Ni zafin da nake ji shi ne ko kafin fitinar ma ba ku zuwa. Sukur tana nan a Madagali, UNESCO ta amince da ita tun 1999, ita ce ta farko a ƙasarku. Mutum nawa a zauren nan suka taka ta?

Hajiya Mai Leshi: Kawu ka faɗi gaskiya mai ɗaci. Amma ka san mu, in ba biki ko ta'aziyya ko kasuwa ba, tafiya ba ta da suna. Ka ce za ka je kallon dutse sai a fara yi maka addu'a.

Ɗan Damagaram: Ku ƙara da namu na hamada. Tudun Jado a arewa maso gabashin Nijar, da Ennedi a Cadi. Wani abokina direba ya kai ayari garin Fada da ke Ennedi, ya ce duwatsun Ennedi kamar birni ne da aka gina aka watse, ginshiƙai da ƙofofi, akwai wata baka ta dutse da ake kira Aloba mai tsayin kusan mita 120. Ennedin ma ya shiga jerin UNESCO a 2016. Sai dai can ba wurin da za ka bi kare ya fitar da kai ba ne. In ka ɓata, sai dai a yi maka salla.

Malamin Ƙasa: Na Ennedi dutsen yashi ne, ruwa ya fara yanka shi lokacin da Sahara take da damina, iska mai yashi ta zo tana gogewa. Iri uku ke nan muka lissafa a zama ɗaya. Da ɗalibaina suna zauren nan da na huta da laccar mako.

'Yar Ankara: Bari in dawo da mu Turkiyya, don akwai abin da ya ɓata min rai da na je. Baburan nan masu ƙafa huɗu da ake haya da yamma, su taho a jere ashirin ko fiye, ƙura ta turnuƙe, mai tafiya a ƙasa sai ya toshe hanci. Ga masu hawa kan duwatsun don hoto, ga masu rubuta sunansu da na budurwa da makulli. Na ga wani ya kafa ƙafa a wuyan wani ɗan ƙaramin ginshiƙi yana ɗaga hannu. Dutsen da Yaya ya ce da farce ana kankare shi.

Baffa Na-Kwari: To 'yata, ba Malam ya ce ruwa ne yake cinye su ba? Abin da zai rushe ko an taɓa ko ba a taɓa ba, mene ne na faɗa da mai babur? Bar yara su ci abinci.

Malamin Ƙasa: Za su rushe, wannan babu makawa. Wuya yana sirancewa har hula ta faɗo, kamar yadda dattijon nan ya gaya wa ɗalibinmu, kuma da zarar ta faɗo ginshiƙin ba ya daɗewa. A lokaci guda kuma in ka dubi bangon kwarin za ka ga sababbi suna fitowa, kai ya rabu, jiki yana manne. Zaizayar da ke kashe su ita ce take haifar su. Amma ruwa yana aikinsa ne a dubban shekaru, yana rusa ɗaya yana fito da ɗaya. Taya da takalmi rusawa kawai suka iya. Fuskar dutsen tana yin wani ɓawo mai ɗan tauri da gansakuka in ta daɗe a iska, shi yake rage mata cin ruwa. Ka kankare ɓawon, ka buɗe wa damina ƙofa.

Alhaji, kai da kake Kano, badala ba ruwan sama kaɗai ya cinye ta ba. Ruwa ya yi ƙarnoni yana dukanta tana nan. Masu ɗibar ƙasa da masu yanka fuloti fa, shekara nawa suka ɗauka?

Baffa Na-Kwari: Malam, a bar maganar badala. Ka taɓa min gyambo.

Ɗan Kaiseri: Wanda yake son ya ga ƙarshen abin da idonsa ya je Zelbe. Gari ne sukutum a cikin kwaruruka uku, gidaje a fafe hawa-hawa, da wurin niƙa, da majami'u, da masallacin da aka sassaƙa rabinsa a dutse da 'yar ƙaramar hasumiya. Musulmi da Kirista sun zauna tare a nan har zuwa musayar jama'a da aka ƙulla tsakanin Turkiyya da Girka a 1923, Kiristocin suka tafi. Waɗanda suka rage kuma a 1952 aka kwashe su saboda duwatsun sun fara rufto musu, aka gina musu sabon ƙauye a kusa. Za ka ga ɗaki an tsaga shi biyu, rabi yana sama da alkukinsa da baƙin hayaƙin murhu a rufi, rabi yana ƙasa a farfashe. Na daɗe a tsaye a gaban wani. Wata ta yi shekaru tana girki a wurin nan.

Ummu Safwan: Allahu Akbar. Wannan ya fi taɓa ni a kan duk hotunan balan-balan.

Hajiya Mai Leshi: Mu fa ba a kai mu Zelben nan ba. Kamfanin da muka biya, ba zan kama suna ba, ya ce yawon yini guda. Minti ashirin a Fashaba, minti goma wajen dutsen da ya yi kama da raƙumi, sannan awa biyu cur a shagon darduma da na tukwane a Abanos ana ta ba mu shayi ana murza mana hannu. Ni da na zo daga Laleli za a koya wa ciniki! Tukwanen dai suna da kyau, jar lakar kogin Kizilirmak ce, na sayo biyu, ɗaya ta fashe a Legas.

Ɗan Kaiseri: Shi ya sa nake cewa ƙafa, Hajiya. Ba wanda zai ce miki lokaci ya yi. Kuma ko da gwiwarki akwai inda za ki iya. Fashaba shimfiɗaɗɗe ne, da hanya mai kyau, kina tafiya a tsakanin masu kai biyu da masu kai uku, in kin gaji ki zauna. Ki ɗauki tasi da kanki da sassafe kafin manyan motoci su iso. Kwarin Tattabaru kuma a fara daga Ucisar a gangaro Goreme, ba yadda na yi ba, ni hawa na yi ta yi kamar mai biyan bashi.

'Yar Ankara: Amma kada a kai Hajiya Derinkuyu. Garin ƙarƙashin ƙasa ne, zurfinsa kusan mita 85, wani mutum ne ya gano shi a 1963 da ya fasa bangon gidansa. Hanyoyin a duƙe ake bi, wani wurin kamar ruku'u, in mutane suka cika ba gaba ba baya. Ni mai ƙuruciya ma sai da na ji numfashina yana sama.

Hajiya Mai Leshi: Ramin da za a saka ni in na mutu ya ishe ni, 'yata.

Ɗan Damagaram: Wane wata ya fi? Kuma abinci fa, da wurin salla?

Ɗan Kaiseri: Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta rana tana dukan farin dutsen tana dawo maka a ido, kuma cikin kwari babu inuwa sosai. Hunturu dusar ƙanƙara ce, kyau kamar me, amma hanyoyin sun zama sabulu. Wurin tudu ne, ya haura mita 1,000, don haka ko a Oktoba da asuba sai da rigar sanyi. Masallaci kowane ƙauye akwai, a cikin kwari kuma ka shimfiɗa abin sallarka inda ka samu. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, ka sauke taswira a waya tun kana masauki, ka fita da wuri, kada magariba ta same ka a ciki. In an yi ruwan sama jiya, ka haƙura da kwarin ranar. Abinci babu matsala, ka nemi naman da ake dafawa a cikin tulu a liƙe bakinsa, a fasa a gabanka. Abu ɗaya, yankin Urgub sun shahara da giyar inabi, in aka miƙo maka kofi a shago da sunan ɗanɗano, ka tambaya kafin ka kai baki.

Kawu Marwa: In Allah ya kawo lafiya ƙasarmu, ɗana, ka zo da sabon takalmin naka. Ni zan tuƙa ka daga Marwa har bakin kwarin, ba sai ka bi kare ba.

Ɗan Kaiseri: Na riƙe alkawarin nan, Kawu. Af, Baffa, na manta da abin da zai fi burge ka. A Ortahisar da ƙauyukan kewaye, kogunan nan sito ne. Manyan motoci suna kawo lemon tsami daga Mersin, can bakin teku, a jibge a ciki watanni, saboda sanyin kogon ba ya canjawa rani da hunturu. Dankalin Turawa ma haka. Babu janareta, babu kuɗin wuta.

Baffa Na-Kwari: Tsaya tsaya. Watanni, ba ya ruɓewa? To me ya sa tun farko ba ka fara da wannan ba, ka tsaya kana ba mu labarin wando? Malamin Ƙasa, irin dutsen nan mai laushi, akwai shi a wajenmu? Albasa nake tunani.

Malamin Ƙasa: Albasa iska take so da bushewa, Alhaji, kogon nan kuwa da danshi. Dankali dai. Kira ni bayan isha'i.